Darasin Kasuwanci: Tsara Wasiƙun Imel Jaka-Jaka a Wayar Hannu

Gobarar da ta laƙume babbar kasuwar Terminus ta Jos a watan Fabrairun 2002 ta haɗa kaya da duk takardun da ke ajiye a shagunan da ta ci. A yau da yawa daga cikin irin waɗannan takardu, wato rasidai, bayanan asusun banki da takardun rajistar kamfani, ta imel suke zuwa, inda wuta ba ta kai gare su. Sai dai takardar da ta nutse cikin dubban saƙonni, ranar da aka nemi shaida, ba ta da maraba da wadda ta ƙone.

Maganin wannan shi ne jaka, wadda ake kira folda. A ɗauki misalin dillalin dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada, mai sayowa daga Bokkos yana lodi zuwa Legas da Fatakwal. Jaka biyar sun ishe shi: ta banki, ta masu kawo kaya, ta waɗanda yake bi bashi, ta sufuri, sai ta haraji da Hukumar Rajistar Kamfanoni. A haɗa sunan kowace da shekara, kamar “Banki 2025”. Wanda ya buɗe jaka talatin kuwa ya ƙara wa kansa aiki ne kurum, domin nan gaba jakar ma sai ya neme ta.

Kafin a soma, wajibi ne a san yadda aka haɗa wayar da akwatin imel. Tsarin IMAP yana barin wasiƙu a rumbun kamfanin imel, saboda haka jakar da aka buɗe a kwamfuta za ta bayyana a waya, kuma ko an sace wayar tana nan. Tsohon tsarin POP kuwa sauke wasiƙu yake yi a kan na'ura, ba ya tafiya da jakunkuna. Ɗan kasuwa ya guje shi.

Gmail, wanda kamfanin Google ya fito da shi a 2004, yana amfani da laƙabi ne a maimakon jaka. Bambancin yana da amfani: wasiƙa ɗaya tana iya ɗaukar laƙabi biyu, ta yadda rasidin kuɗin mota zai fito a ƙarƙashin sufuri, ya kuma fito a ƙarƙashin sunan mai saye. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a ƙirƙiri laƙaban a kwamfuta. A nan ne kuma ake kafa rariya, wato umarnin cewa duk saƙon da ya fito daga adireshin banki ya wuce kai tsaye zuwa jakarsa. Aikin zama ɗaya ne, daga nan waya sai bi.

Bugu da ƙari, a yi hattara da kwandon shara. Gmail yana shafe abin da aka jefa ciki bayan kwana 30, haka ma saƙonnin da ya ɗauka na banza ne, kuma a wasu lokuta takardar ciniki ta gaske takan faɗa can. Alhali kuwa dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfani adana bayanan lissafinsa har shekara shida. Idan wurin ajiya na kyauta, gigabait 15, ya kusa cika, tallace-tallace da manyan hotuna za a fara sharewa, a bar jakar banki da ta haraji yadda suke.