Darasin Yau: Ruɓaɓɓiyar Ciyawa Abincin Kifi Ce, Amma da Sharaɗi

Yau zan kai ku bakin teku, domin akwai darasi a can da ya shafi kandaminku kai tsaye.

A gabar jihar Jojiya ta ƙasar Amurka akwai wani tsibiri mai suna Sapelo. Bayansa fadama ce shimfiɗe mai ruwan gishiri, cike da wata ciyawa da ake kira Spartina. Fadamar tana manne da bakin kogi, wato wurin da ruwan kogi ke gauraya da na teku. Sau biyu a rana teku yana tasowa ya mamaye ta, sannan ya janye.

Ciyawar nan tana zuƙar iskar kabon ta gina jikinta da ita. Ƙwari kaɗan kawai suke ci tana ɗanya, mafi yawanta mutuwa take yi ta faɗi cikin taɓo. Bakteriya su rufar mata, ta ruɓe ta koma dusa-dusa. Ƙaguwa da jatan lande da ƙananan halittun ruwa su samu abinci, kifi kuma ya cinye su.

A 1962 wani masani, John Teal, ya yi lissafi a Sapelo cewa kusan kashi 45 cikin 100 na abin da fadamar ke samarwa ruwa ne ke kwashe shi zuwa bakin kogi. Binciken da ya biyo baya ya nuna abin ba-ni-in-ba-ka ne. Teku ma yana shigo da laka da gansakuka, wani kabon kuma yana binnewa a taɓo. Wata fadamar bayarwa take yi, wata karɓa, ya danganta da yanayin wurin da ƙarfin ruwan.

To, ina ruwanmu da wannan? Idan ka zuba kashin kaji a kandamin ƙasa, aikin ciyawar nan kake kwaikwaya. Takin zai ruɓe, ruwa ya yi kore, karfasa ta samu abinci, kuɗin buhu ya ragu.

Amma ga sharaɗin. Lokacin da bakteriya ke ruɓar da taki suna shan iskar oksijin, wadda kifinka ma ita yake shaƙa. A fadama teku yana wanke wurin kullum ya kawo sabon ruwa. Kandaminka ba shi da teku, abin da ka zuba yana nan. Da dare kuma koren ruwan ba ya samar da iska, sha yake yi. Shi ya sa asarar ta fi aukuwa da asuba.

Shawarata uku ce:

1. Zuba taki kaɗan-kaɗan, kada ka juye na wata guda a rana ɗaya.
2. Tsoma hannu zuwa gwiwar hannu. In ba ka ganin tafinka, takin ya isa, dakata.
3. Leƙa kandami da asuba. In ka ga karfasa sun taso sama suna haki, tsayar da taki da abinci, ka rage ruwan ka ƙara sabo.

Masu tarwaɗa a tankin siminti ko na roba, ku kada ku zuba taki sam. Ragowar abinci da kashin kifin sun ishe ku, sauya ruwa shi ne tekunku.

Sai mun haɗu a darasi na gaba.