Hanyar da Ba Ta da Shinge Ma Biya Ake Yi

Wata magana tana yawo a tsakanin matafiyanmu na Kabalaye da sauran unguwannin N'Djamena, kuma ta ishe ni. Cewa ake yi wai in mutum ya mallaki ɗan abin nan da ake liƙawa a gilashin mota, wanda masu Faransanci ke kira baj, to ya huta da kuɗin hanya a duk ƙasar da ya shiga. Wasu kuma suna cewa a Dubai da wasu hanyoyin Faransa an cire shinge, saboda haka an daina biya, in ma ana biya, baƙon da zai hau jirgi jibi wa zai bi shi bashi? Duka biyun ƙarya ne. A aikina na shirya wa mutane tafiya, ta biyun ce na fi ganin ta jawo asara, har da ɓacin zumunci.

Na san inda kuskuren ya samo asali. Wanda ya saba bin hanyar Kuseri zuwa Marwa da Garwa da ido ya san peyaj: a tare hanya, ka miƙa sefa 500, a ba ka tikiti, a ɗaga maka ƙarfe. Inda ba a tare shi ba, a ganinsa ba a neme shi da komai ba.

To a Dubai ba mai tare ka. Tun 2007 suke da tsarin da ake kira Salik, babu rumfa, babu ma'aikaci. Wani ƙarfe ne aka gitta a saman titi, ɗauke da na'ura da kyamara, kana wucewa a guje ya karanta sitikar da ke gilashinka ya cire kuɗi daga asusun mai motar. Daga Nuwamban 2024 wuraren sun kai goma. Ɗan kasuwar da ya sauka a Deira yana zirga-zirga zuwa Sharja neman motoci da kayan gyara, ta Al Mamzar yakan bi, in kuma ya ƙetare gadar Al Maktoum ko ta Al Garhoud nan ma an rubuta masa. Tun ƙarshen Janairun 2025 farashin ya danganta da lokaci: daga Litinin zuwa Asabar dirhami 6 ne daga ƙarfe 6 zuwa 10 na safe da kuma 4 zuwa 8 na yamma, dirhami 4 a sauran lokutan, daga 1 na dare zuwa 6 na safe kuma kyauta. Kusan kowace wucewa da kuɗinta. Motar haya da Salik ɗinta take zuwa, kamfanin ya biya, ya ɗora ladansa a kai, ya cire daga kuɗin ajiyar da ka bari ko daga katinka na banki, wani lokaci bayan ka dawo gida da makonni. Sai Alhaji ya zo yana rantsuwa an yi masa sata. Babu wanda ya sace maka ko dala, Alhaji. A takardar da ka sa wa hannu ba ka karanta ba aka rubuta shi.

Sitikar Salik kuma ta mota ɗaya ce tak, an haɗa ta da lambar motar, in aka ɓamɓare ta lalacewa take yi. Wadda kuke gani a gilashin wasu motocin da aka shigo da su daga Dubai ba ta biyan komai a Kamaru ko a nan. Ko Abu Dabi da ke ƙasa ɗaya da Dubai ba da ita take aiki ba, tun 2021 tana da nata tsarin mai suna Darb, wanda lambar mota kawai yake karantawa. Maroko na da Jawaz, Turkiyya na da HGS, Senegal na da Rapido. Kowanne da asusunsa, babu mai biya wa wani. Duk wanda ya ce zai sayar maka da baj mai aiki ko'ina, kuɗinka yake so.

Na Faransa ya ɗan bambanta, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Shi ɗan akwati ne mai batir a ciki, an haɗa shi da asusun bankin mai shi, ana iya ɗauke shi daga wannan ƙaramar mota zuwa waccan. Kamfanoni irin su Ulys da Bip&Go da Fulli ke bayar da shi, ana bi da shi ta layin da aka yi wa alamar "t" mai ruwan lemo. Yawanci ba ya rage kuɗin hanya, layi kawai yake raba ka da shi, kuma akwai ɗan kuɗin wata da ake biya a kansa. Wasu nau'o'insa suna aiki a Sifen da Fotugal da Italiya, amma sai in da haka aka yi rajistarsa tun farko. A Suwizalan da Ostiriya ba shi da amfani, can takardar izinin hanya ake saye. Wanda zai yi mako biyu a Faransa bai ma buƙatarsa, katin banki ya ishe shi a duk inda akwai shinge.

Inda babu shingen ne matsalar take, kuma a nan nake so a saurare ni da kyau. Hanyar A79 da aka buɗe a 2022, da A13 da A14 masu fita daga Paris zuwa Normandi waɗanda aka cire wa shinge a 2024, duk ana biya a kansu. In akwai baj a motar, shi ke nan. In babu, kyamara ta ɗauki lambar motar, kuma awa 72 kake da su ka biya, ko ta shafin intanet na kamfanin hanyar ko a shagunan taba da aka amince wa karɓa. Awa 72, kwana uku, daga lokacin da ka wuce. Suna cika sai a aika wa mai motar takarda: kuɗin hanyar da ƙarin yuro 10 in ya biya cikin kwana 15, in ya wuce haka ƙarin ya zama yuro 90. Aka yi wata biyu ba a biya ba, tara ta koma yuro 375. Yuro ɗaya sefa 656 ne, ku yi lissafi: yuro 90 kusan sefa 59,000, yuro 375 kusan sefa 246,000, a kan kuɗin hanyar da sau da yawa bai fi na abincin rana ba.

Wa takardar ke samu? Wanda sunansa ke kan takardun motar. Kai kana Kabalaye kana raba tsaraba, ƙaninka ko ɗan yayarka da ya ba ka aron motarsa yana can yana karɓar wasiƙa ɗaya bayan ɗaya. Kunya ba za ta bar shi ya kira ka ya ce Kawu ga bashin da ka bari ba, sai ya biya ya yi shiru, in ka sake zuwa ya ce motar tana gareji. Wannan ɗabi'ar tamu ta karɓar makulli mu tafi, mu dawo ba mu faɗi inda muka bi ba, ba ta dace da dattijo ba. Yaron nan da guminsa yake biyan haya a ƙasar mutane. Su ma masu sayar da tikitin jirgi da shirya biza ina da magana da su: mutum ya biya ku kuɗi masu yawa, kun san zai tuƙa mota a can, minti biyu na bayani bai fi ƙarfinku ba.

Abin yi kaɗan ne. Kafin ka karɓi motar haya, tambayi kamfanin yadda suke cire kuɗin hanya da nawa suke ɗorawa a kan kowace wucewa, kuma a nuna maka a rubuce. Ranar mayar da mota ka nemi jerin wuraren da ka wuce da lokutansu, ka ajiye. In motar ɗan'uwa ce, kafin ka tayar da ita ka tambaye shi ko da baj a ciki, da dare kuma ka gaya masa hanyar da ka bi, ku shiga shafin ku biya tun kana ƙasar. In an ba ka aron baj, liƙa shi a bayan madubin tsakiya, wajen ɗige-ɗigen baƙi, domin wasu gilasan suna tare siginar. Kada ka riƙe shi a hannu kana kaɗawa ta taga, kada kuma ka bar baj biyu a buɗe cikin mota ɗaya, ana iya cire kuɗi daga duka biyun. Masu lafta kaya a rufin mota su guji layin da aka rubuta wa mita 2 a wajen shinge.

Bayan ka dawo, saƙo yana iya shigowa wayarka wai ana bin ka kuɗin hanya, ga wurin da za ka latsa ka biya. 'Yan damfara sun daɗe da gano wannan kafar, da sunan kamfanonin gaskiya suke aikowa. Kada ka latsa, kada ka sa lambar katinka. Ka buɗe shafin kamfanin da kanka ka duba da lambar motar, ko ka kira wanda ya ba ka ita ya duba daga can.