Ɗakin da Ke Kulle da Safe: Shawara ga Matan Zangon Agege

Wata 'yar'uwa da ke riƙe da ƙungiyar mata a Zangon Agege ta kawo min kukanta. Sun daɗe suna tara kuɗi don buɗe wa ƙananan yaran unguwa makarantar nazare, amma duk lokacin da suka kusa kai wa, sai kuɗin haya ya ƙara yin gaba ya bar su. Yaran kuwa ga su nan, wasu a bayan iyaye a bakin kasuwa, wasu a hannun yayyensu 'yan shekara bakwai da ya kamata a ce suna aji. Tambayarta ita ce ko su haƙura su raba kuɗin.

Hajiya, kada ku raba. Lissafin ne za ku sauya. Kun fara da gini, alhali gini shi ne abu na ƙarshe da ɗan shekara biyu yake bukata.

Bari in ba ki labarin da ya sa na ce haka. A 1986, a unguwannin talakawa na Kingston, babban birnin Jamaika, wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da rashin abinci mai kyau ya tsumburar, 'yan wata tara zuwa shekara biyu. Wasu aka riƙa ba su madara. Wasu kuma aka riƙa tura musu ma'aikaciyar lafiya ta unguwa, sau ɗaya a mako, ta zauna awa guda da uwa tana nuna mata yadda za ta yi wa ɗanta hira da wasa, da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida. Shekara biyu aka yi ana haka. Bayan kimanin shekara 20 aka sake neman yaran, sun zama samari da 'yanmata, aka tarar waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da kusan kashi 25 cikin ɗari. Tasirin madara ita kaɗai bai kai wannan nisa ba. Ba a gina aji ko ɗaya ba, ba a ɗinka yunifom ba.

To ku duba abin da ke hannunku. Yawancin Islamiyyun unguwa sai bayan la'asar suke cika, da safe kuwa ƙofa a garƙame. Ku je wa kwamitin masallaci, in da hali ku bi ta fadar Sarkin Hausawa don maganar ta yi nauyi, ku roƙi aron ɗaki guda daga ƙarfe takwas zuwa azahar. Ku rubuta yarjejeniya ko da rabin shafi ne: wa zai share, wa zai biya wuta, wa ke riƙe da makulli. A irin waɗannan ƙananan abubuwa zumunci yake ɓaci. Kafin yaro ko ɗaya ya shiga, ku durƙusa ku kalli ɗakin daga tsayin mai rarrafe: wayar lantarki da ta zazzago, bokitin ruwa a buɗe, kwata a bakin ƙofa. Idan wurin yana kusa da layin dogo ko babban titi, ƙofa mai sakata daga sama ba abin sasanci ba ne.

Kuɗin da kuka tara kuma, ga inda za su tafi: mace mai reno. Ku zaɓi wadda yara ke bi da kansu, wadda ba ta da saurin hannu, mai jin Hausa sosai, in ta iya Yarbanci ma ya fi. Takardar makaranta tana da amfani, amma na fi son mai haƙuri da ta gama firamare a kan mai difloma da ba ta ajiye waya. Sannan ku biya ta, kowane wata, a ranar da aka yanka. Aikin a-taimaka-don-Allah yana yin wata uku ne, daga nan ta samu sana'ar waina ta tafi, kuma ba wanda zai ga laifinta. Kowace uwa ta riƙa ba da wani abu a mako, komai ƙanƙantarsa, kamar zubin adashi, kuɗin ƙungiya ya cike giɓi, marayu kuma a nemar musu daga masu hali. A ganina mace ɗaya kada ta wuce yara biyar ko shida idan ba su kai shekara uku ba, goma zuwa goma sha biyu idan sun haura.

A kan abin da za a koya wa yaran ne za ki gamu da rigima. Iyaye za su zo ɗaukar yara su tambaya me aka rubuta yau. Maƙwabciya ta sa ɗanta a makarantar kuɗi, yana shekara uku yana dawowa da aikin gida, ga shi yana rera ABC kamar rediyo. Ki tsaya a kan bakanki. Yatsun ɗan shekara uku ba su nuna ba tukuna, tilasta masa fensir ba ya haifar da komai sai tsoron makaranta. Abin da ƙwaƙwalwarsa ke nema shi ne a yi masa magana ya mayar, a saurare shi. Mai reno ta zauna a tabarma tare da su. Ta ɗauki gwangwanin madara uku masu girma daban-daban, waɗanda aka daddale bakinsu, ta ce wanne ne babba, sa ƙaramin a ciki. Ta ƙirga cokula. Ta ɗinka 'yar tsana da tsumma a yi mata wanka ana kiran sunan hannu da ƙafa da kunne. Ta yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ta tsaya a tsakiya ta ce to me kuke gani zai faru. Abin wasan da zai iya shiga bakin yaro gaba ɗaya kuwa a yar da shi.

Da wane harshe? Da Hausa. Yaron Agege ba zai rasa Yarbanci da buroka ba, titi zai koya masa, Turanci kuma yana jiransa a firamare. Wanda ya iya ba da labari tiryan-tiryan da harshen uwarsa ya fi saurin kama na biyu da na uku. Gajerun surori da addu'ar cin abinci su ma suna da gurbinsu, a taƙaice, ba tare da bulala ba.

Abinci sau ɗaya a tsakiyar safiya ya isa: kunun gero da aka haɗa da waken soya da gyaɗa, wanda ake kira Tom Brown, ko faten wake, ko ƙwai idan an samu. Biskit da lemon kwalba ba abinci ba ne. Sharaɗin shiga kuwa ya zama katin rigakafi da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya. Allurai suna farawa daga haihuwa, sai mako 6, 10 da 14, sai ta ƙyanda a wata 9 da ta biyu a wata 15. Wanda ba shi da kati ba korarsa za a yi ba, raka uwarsa za a yi zuwa cibiyar lafiya ta unguwa. Ku roƙi ma'aikaciyar can ta koya wa mai renonku awon damtse da ɗan tef ɗin nan mai launi. Idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a ranar za a tafi asibiti, kada a jira gobe.

Jarirai 'yan ƙasa da shekara biyu da ke ɗaki tare da iyayensu fa, musamman matan da ba sa fita? Su ne suka fi kama da yaran Kingston. Ku ware mace ta biyu ta riƙa zagaya gidaje kaɗan a mako, da sallama da izinin maigida, ta bar abin wasa ɗaya ta karɓi na makon jiya. Aikinta ta koya wa uwa, ba ta karɓe mata ɗa ba. Maigida ma da ke dawowa a gajiye daga mayankar Oko-Oba ko kasuwar Mile 12, minti goma da yaro a cinya yana tambayarsa abin da ya gani yau ba zai hana shi barci ba.

Idan Allah ya sa abin ya karɓu, za ku ga mata daga wasu layuka suna cewa a buɗe musu. Ku yi a hankali. An gwada faɗaɗa tsarin Jamaika a wasu ƙasashe: Peru ta kafa shirin Cuna Más a 2012 ya kai ga dubban gidaje, an ga amfani, amma bai kai na Kingston ba. A Kolombiya an ga ci gaba a ƙarshen shirin, da aka koma bayan shekara biyu sai aka nemi tasirin aka rasa. Abin da ya fi saurin zubewa idan aiki ya yi faɗi shi ne horo da sa ido. Taura biyu ba ta taunuwa. Kada ku buɗe ɗaki na biyu sai wadda za ta riƙe shi ta yi aƙalla wata biyu tana aiki a ƙarƙashin ta farko, kuma sai kuɗin wata shida na albashinta suna ajiye. Ke ko mataimakiyarki ku riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba, ku zauna a gefe ku lura da abu ɗaya: muryar wa aka fi ji, ta mai reno ko ta yara?

Ku kuma ajiye littafi: sunan yaro, ranar haihuwa, zuwa da fashi, allurai, awon damtse. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗa da kula da ƙananan yara, kuma makarantun firamare na gwamnatin Legas da dama suna da ajin share fage. Yaro ya cika shekara biyar, ku raka uwarsa ta yi masa rajista a can. Ranar da za ku je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma neman tabarmi ko horo, wannan littafin za a fara cewa ku nuna.