Ƙanshin Banila

Duk wanda ya ratsa rumfunan masu turare a kasuwar Dambatta ya san ƙanshi iri iri ne. Akwai mai ƙarfi kamar jibda, akwai mai yaji kamar kanumfari. Akwai kuma wani mai sanyi, wanda ba ya hawa kai. Sunansa banila.

Banila tsiro ce mai yaɗo, tana hawan itace kamar soso. Asalinta ƙasar Meziko, amma yanzu tsibirin Madagaska ya fi ko'ina nomanta. Furenta yini guda yake buɗewa. In ba a sada ƙurar furen da uwarsa a ranar ba, sai ya kaɗe, babu ɗa.

Da aka kai ta wasu ƙasashe, sai ba a sami ƙwarin da ke wannan aiki ba. A shekarar 1841, a tsibirin Riyuniyon, wani yaro bawa mai shekara 12, Edmond Albius, ya gano yadda za a yi shi da ɗan tsinke da babban yatsa. Har yau haka manoma suke bi, fure bayan fure. 'Ya'yan suna kama da kwanson wake. Sai sun yi wajen wata 9 suke ƙosawa, sa'an nan a yi watanni ana shanyarsu.

To yara, in kun sami turarenta, kada ku kwarara. Ku ɗiga kaɗan a bayan hannu, ku dakata, ku shaƙa a hankali. Ku tuna, ɗan yaro kamarku ne ya buɗe wa duniya wannan ƙanshi.

Tambayoyi
1. Ina asalin banila?
2. Me Edmond ya gano?