Darasin Kiwon Lafiya: Hanji, Damuwa da Ciwon Sukari na Yara

Ciwon sukari iri biyu ne manya. Akwai wanda ya fi kama magidanta da tsofaffi. Akwai kuma wanda ya fi kama yara da matasa, shi ne likitoci ke kira nau'i na ɗaya. Ba yawan shan zaƙi ke kawo wannan ba.

A bayan tumbi akwai wata gaɓa mai suna fankiriyas. Ita ke yin sinadarin insulin, wanda ke shigar da sukarin jini cikin tsoka don ya zama ƙarfi. A wannan ciwo, garkuwar jiki ce ke ruɗewa ta kashe wurin da ake yin insulin. Sai yaro ya yi ta jin ƙishirwa, ya yi ta fitsari har a shimfiɗa, yana ci yana ramewa. Wani lokaci a ga tururuwa sun taru inda ya yi fitsari.

Gado yana da hannu a ciki, amma ba shi kaɗai ba. A hanjin kowa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, ana kiransu bakteriya. Da yawansu masu amfani ne. Suna taya narka abinci, suna kuma koya wa garkuwar jariri bambanta aboki da maƙiyi. Ƙasar Finland na cikin inda ciwon ya fi yawa a duniya. Amma a yankin Kareliya na Rasha, da ke maƙwabtaka da ita, ciwon bai kai haka ba ko kusa. A shekarar 2016 masana suka bayyana cewa bakteriyar hanjin jariran wuraren biyu ta bambanta. Nonon uwa yana ciyar da masu amfanin. Kafso kuwa, wanda wasu iyaye ke saya a kasuwa da zarar yaro ya yi zawo, yana kashe su. Wannan ɗabi'a ba ta da kyau, sai likita ya rubuta.

Sai batun damuwa. A ƙasar Siwidin an bi rayuwar yara fiye da 10,000. A 2015 aka bayyana cewa waɗanda suka gamu da babban tashin hankali, kamar mutuwa a gida ko rabuwar iyaye, sun fi kamuwa da ciwon kusan ninki uku. Masana na ɗaukar damuwa a matsayin mai ingiza ciwon, ba tushensa ba. Ga wanda ya riga ya kamu, tsoro da ɓacin rai suna iya ɗaga sukarin jini. Don haka kada a riƙa yi wa yaron tsawa saboda fitsarin kwance.

Maganin ciwon shi ne allurar insulin kullum, wadda aka fara yi wa maras lafiya a Kanada a 1922. Jiƙo ko kindirmo ba sa maye gurbinta. Zafi yana lalata insulin. Inda babu firji, a sa kwalbar cikin ƙaramar tukunyar ƙasa, a zaunar da ita a jiƙaƙƙen yashi a inuwa.