Hunturun Njamena ba ya kashe batir, bazara ce abin tsoro

Tambaya: Malam, ina zaune a Farcha, kuma na sayi mota mai aiki da lantarki. An ce mini caji cikin sanyi yana lalata batir. Ga hunturu ya ƙarato, in daina caji da dare ne?

Amsa: Alhaji, ka kwantar da hankalinka. Abin da aka faɗa maka gaskiya ne, amma matsalar wasu ƙasashe ce. Batirin litiyam yana cutuwa ne idan aka tura masa wuta alhali sanyin jikinsa ya kai digiri 0 ko ƙasa da haka. A lokacin litiyam ɗin ba ya iya shiga ma'ajiyarsa da sauri, sai ya taru a samanta ya zama ƙarfe, kuma yawancin abin da ya taru ya tafi ke nan. Shi ya sa motocin zamani kan ɗumama batir kafin su karɓi caji. A Janairun 2024 masu Tesla a birnin Shikago na Amurka sun yi cirko-cirko a tashoshin caji saboda tsananin sanyi.

A Njamena kuwa, daren Disamba da Janairu yakan tsaya ne wajen digiri 14 ko 15. Mu muna rawar ɗari, batir yana jin daɗinsa. A Chadi sai ka je duwatsun Tibesti, wajen Bardai, kafin ka tarar da sanyin da ruwa ke daskarewa.

Lokacin da ya kamata ka sa ido shi ne Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40. Zafi yana tsufar da batir ko mota tana tsaye, musamman in an cika shi maƙil an bar shi a rana. A 2012 masu Nissan Leaf a jihar Arizona sun koka cewa batirinsu yana raguwa da wuri, domin motar ba ta da ruwan sanyaya batir.

Saboda haka, caji da dare ko da asuba shi ne daidai, rani da damina. In ka dawo daga tafiya da rana tsaka, bar motar ta huce a inuwa kafin ka jona ta. Cajar gaggawa tana ƙara wa batir zafi, ka bar ta sai dole. A zirga-zirgar cikin gari, riƙe cajin tsakanin kashi 20 da 80 cikin ɗari. In batirinka nau'in LFP ne, irin na motocin BYD, kamfanoni kan so a riƙa cika shi lokaci-lokaci don ma'aunin cajin ya daidaita, sai ka duba littafin motar.

Illar hunturu a wajenmu ƙura ce. Rufe bakin caji in ka gama, ka share kan wayar da busasshen tsumma, domin datti a nan yana sa wurin ya ɗau zafi. In an ɗauke wuta za ka yi da janareto, sa mai gyaran wuta ya tabbatar ƙarfinsa ya isa, kuma an haɗa masa wayar ƙasa. Kowace shekara, kafin bazara ta kama, a auna maka lafiyar batirin da kwamfuta.