Jarabar Ƙwaya Cuta Ce: Ina Za A Nemi Magani?

Ɗalibi ya sani cewa jarabar ƙwaya ko giya cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Tiramadol, kodin da barasa sukan sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin dofamin fiye da ƙima. Idan ta saba, sai ta kasa natsuwa in babu su. Shi ya sa wanda ya daɗe yana shan giya bai kamata ya daina farat ɗaya ba tare da likita ba, domin jijjiga irin ta farfaɗiya na iya kama shi. A fara kai shi asibiti mafi kusa, daga nan a tura shi asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, ko Dawanau a Kano. Ofisoshin NDLEA ma suna ba da shawara. Ɗaure mutum da mari kuwa ba magani ba ne.